Koren Kyalle a Manhajojin Majigi da Tace Bidiyo: Aikin da Ake Gamawa Kafin a Kunna Kwamfuta

Tsakure

Wannan takarda ta duba dabarar ɗaukar mutum a gaban koren kyalle, a cire koren, a dasa wani wuri a bayansa, kamar yadda ake yi a manhajojin tace bidiyo da na majigi. Ta bi asalin dabarar da lissafin da ta ginu a kansa, ta nuna abin da kyamarar waya ke zubarwa na launi, sannan ta daɗe a kan yadi da haske da tufafi da fata. Matsayarta ita ce, a wurin ɗauka ake yanke kyan aikin ko muninsa, manhaja ƙarasawa kawai take yi, don haka can ya kamata koyarwa ta fi ba da ƙarfi.

1.0 Gabatarwa



Duk mai kallon hasashen yanayi a talabijin ya ga aikin koren kyalle ko da bai taɓa ganin kyallen ba. Mai gabatarwa yana nuna hadari a kan taswira, alhali a ɗakin babu komai a bayansa sai bango mai launi ɗaya, wani ƙaramin allo yake leƙe a gefe don ya san inda hannunsa ya sauka. A da, wannan aiki sai gidan talabijin ko babban kamfanin fim. Yau yana cikin KineMaster da CapCut a wayar ɗalibi, yana cikin OBS Studio da Shotcut da Kdenlive waɗanda ake saukewa kyauta, yana cikin Premiere Pro da DaVinci Resolve a hannun ƙwararru. Malami yana amfani da shi ya tsaya a gaban darasinsa, mawaƙi ya kai kansa bakin teku, mai sayar da turare ta mayar da ɗakinta kanti.

Sai dai yawan kayan aiki bai zo da kyan aiki ba. Kowa ya taɓa ganin bidiyon da gefen kan mutum ke rawa, ko kunnensa ya yi kore, ko hannun rigarsa ya ɓace ya dawo. In aka tambayi mai aikin, amsar kusan ɗaya ce: manhajar ce ba ta da kyau, ko kuma tasa ta kyauta ce. Sai ya sauke wata, ya tarar da abin da ya baro. Abin da nake son kafawa a wannan takarda shi ne, laifin ba kasafai yake ga manhaja ba. Manhaja lissafi take yi da abin da kyamara ta ba ta, abin da ba a ɗauko ba kuwa babu maɓallin da zai ƙirƙiro shi.

2.0 Daga baƙin yadi zuwa kore

Dabarar ta girmi kwamfuta nesa ba kusa ba. A 1898 Georges Méliès na Faransa ya yi ɗan gajeren fim inda yake cire kansa yana ajiyewa a kan tebur, ta hanyar rufe wani sashe na fim ɗin da baƙi, ya sake ɗauka a kan sashen da bai sha haske ba. A 1918 Frank Williams ya yi wa wata hanya rajista a Amurka, inda ake ɗaukar ɗan wasa a gaban baƙin bango, a fitar da inuwar siffarsa a wani fim daban, inuwar tana tafiya tare da shi duk inda ya motsa. Wannan hoton inuwa, fari inda mutum yake, baƙi inda ba ya nan, shi zan riƙa kira shamaki, kuma har yau shi ne zuciyar aikin.

Shuɗin bango ya yi suna da fim ɗin The Thief of Bagdad na 1940, wanda ya samo wa Larry Butler kyautar Oscar. Wanda ya fi kowa gyara hanyar kuwa shi ne injiniya Petro Vlahos. Shi ya inganta dabarar fitilar sodiyam da kamfanin Disney ya yi Mary Poppins da ita a 1964, shi ya samar da hanyar bambancin launi, a 1976 kuma ya kafa kamfanin Ultimatte, wanda Blackmagic Design ya saya a 2016. Hikimar Vlahos mai sauƙin faɗi ce. Ya lura cewa a yawancin abubuwan da ake ɗauka, har da fatar ɗan Adam kowace iri, shuɗi ba ya rinjayar sauran launuka. To duk inda aka ga shuɗi ya yi wa saura fintinkau, bango ne, kuma gwargwadon ratar, gwargwadon yadda bangon ke lekowa ta wurin. Da wannan ne aka fara iya riƙe hayaƙi da gilashi da silin gashi maimakon a datse su.

Komawa kore ta zo da kyamarar bidiyo. A ma'aunin talabijin na zamani da ake kira Rec. 709, kore ne ke ɗauke da kusan kashi 72 cikin 100 na hasken hoto, ja kashi 21, shuɗi kashi 7 kacal. Sannan idon kyamarar dijital an shimfiɗa masa matatar launi da Bryce Bayer na kamfanin Kodak ya yi wa rajista a 1976, inda rabin ɗigogin kore suke gani, ja da shuɗi kowanne kwata. Don haka kore ya fi fitowa tsaf, ya fi ƙarancin tsaki-tsaki, kuma ba ya cin fitila kamar shuɗi. Akwai dalili na uku wanda ya shafi masu tsayawa a gaban kyamara a ƙasashen Turawa: shuɗin ido da shuɗin wandon jins sun yi yawa a wurinsu, korayen tufafi kuwa ba su cika sawa ba. Zan dawo kan wannan dalili, domin a wurinmu bai tsaya ba.

3.0 Lissafin da ke bayan maɓalli

Kowane ɗigo a hoton da aka haɗa ana samunsa da wannan lissafi: C = aF + (1 − a)B. F launin abin da ke gaba ne, B launin bango, C abin da kyamara ta gani, a kuwa adadi ne tsakanin 0 da 1 mai faɗin yadda abin gaba ya toshe bango. Shi ake kira alfa, Ed Catmull da Alvy Ray Smith suka fito da shi a ƙarshen shekarun 1970, Thomas Porter da Tom Duff suka tsara ƙa'idojin haɗa hotuna da shi a 1984. A tsakiyar fuska alfa 1 ne, a tsakiyar kyalle 0 ne. Duk wahalar tana bakin iyaka, wurin gashi, wurin siririn mayafi, wurin hannun da ke motsi.

A 1996 Smith da Jim Blinn suka nuna cewa wannan lissafi ba shi da amsa guda. Kyamara lamba uku take bayarwa a kowane ɗigo, ja da kore da shuɗi, abubuwan da ake nema kuwa bakwai ne. Ko an san launin bango sarai, saura huɗu, lamba uku ba ta warware huɗu. Ke nan kowace manhaja, ta kyauta da ta kuɗi, zato take ƙarawa don ta cike giɓin, kuma zaton na Vlahos ne ko ɗan'uwansa. Keylight da ke After Effects, da Ultra Key na Premiere Pro, da Delta Keyer na DaVinci Resolve sun fi na waya iya lallaɓa bakin iyaka, wannan gaskiya ne. Amma duk a kan ratar kore da sauran launuka suka dogara.

Bari mu ga abin da lamba, a ma'aunin 0 zuwa 255. A ce ɗigon kyalle mai haske ya ba da ja 40, kore 180, shuɗi 60. Ratar kore da mai bi masa 120 ce, babu kokwanto bango ne. Ɗigon kunci ya ba da ja 120, kore 80, shuɗi 60, kore bai ma kai ja ba, sai a bar shi. Yanzu ga ɗigon da ya faɗa cikin lanƙwasar yadin da ba a goge ba: ja 20, kore 70, shuɗi 35. Rata ta dawo 35. Don a cire wannan ɗigo dole mai tacewa ya ƙara faɗin launin da manhaja za ta ci, da zarar ya ƙara kuma sai ta fara cin gefen gashi da inuwar wuya, inda feshin koren da ke dawowa daga kyalle ya kai ratar kusan haka. Wannan ita ce duk rigimar da ake yi da maɓallan manhaja: a ja nan, can ya ɓalle. Minti goma da dutsen guga sun fi awa biyu ana jan maɓalli.

4.0 Abin da waya ke zubarwa

Idon mutum ya fi kula da haske da duhu a kan launi, injiniyoyi kuma sun ci moriyar haka wajen rage nauyin bidiyo. Kusan duk wayoyi da ƙananan kyamarori da tsarin 4:2:0 suke ajiya, wato kowane ɗigo yana da haskensa, amma ɗigo huɗu launi ɗaya suke rabawa. Bidiyo mai 1920 da 1080, launinsa 960 da 540 ne kawai. Mai kallo ba zai lura ba, amma mai cire kore da launin yake aiki, shi ya sa gefen kafaɗa ke fitowa kamar matakala. Mafita mai arha ita ce a ɗauka a 4K in wayar na iyawa, a kammala aikin a 1080, domin launin 4K a wannan tsari daidai yake da cikakken 1080. Haka nan a juya wayar a tsaye in mutum ɗaya ne a tsaye, don kada a ɓarnatar da ɗigogi a kan kyallen da za a zubar.

Asara ta biyu a hanya take faruwa. Mai ɗauka ya tura wa mai tacewa ta WhatsApp a matsayin bidiyo, manhajar ta sake matse shi, abin da ya rage na bakin iyaka ya dagule. A tura shi a matsayin fayil, ko ta igiya, ko ta katin ajiya. Sau nawa aka sake matsawa, sau nan aka yi asara, kuma ba ta dawowa.

5.0 Ɗaki, yadi da haske

Nan ne aikin yake. Yadin da ake so shi ne marar sheƙi, mai ɗan kauri, wanda haske ba ya ratsawa. Ba dole sai an yi odarsa daga waje ba. A Kantin Kwari ko kowace babbar kasuwar yadi ana samun auduga kore shar da za ta yi, in dai an guji mai santsi da mai ƙyalli. A sayi yadin daga bandir ɗaya, domin kore biyu da ido ke gani iri ɗaya, kyamara tana iya raba su. Tela ya yi masa kalmasa sama da ƙasa yadda za a zura sanda ko bututun roba, nauyin na ƙasa ya miƙar da shi. In ɗinki ya zama dole a tsakiya, a sa ya faɗo a bayan mai magana. Wanda ke da ɗaki na dindindin, fenti marar sheƙi a kan bango mai sumul ya fi masa yadi.

Haske biyu ake yi, na kyalle daban, na mutum daban, kuma rashin raba su shi ne kuskuren da ya fi yawa. In fitila ɗaya ce a gaba, inuwar mutum za ta kwanta a kan kyalle, ta zama wani koren dabam. Kyalle yana son haske shimfiɗaɗɗe daga gefe biyu. Akwai ƙa'idar kimiyya da ta kamata kowane ɗalibi ya riƙe: in nisa ya ninka biyu, haske kwata yake komawa. Fitilar da ke mita 1 daga wannan gefe na kyalle, mita 2 daga wancan, gefe na nesa kwatan haske yake samu. In aka ja ta baya ta zama mita 3 da mita 4, na nesa yana samun fiye da rabi. Ke nan matsar da fitila baya, da rufe ta da farin yadi mai shara-shara, shi ke daidaita kyalle, ba ƙara mata ƙarfi ba. Kada kuma a cika hasken, domin koren da ya sha haske fiye da kima fari yake komawa, ratar da ake nema ta ragu, feshinsa a jikin mutum ya ƙaru.

Mutum ya tsaya kamar mita 2 daga kyalle, in ɗakin ya ba da dama a ƙara. Na san ɗakunanmu da shagunanmu ba duka ke da wannan fili ba. In haka ne, gara a rage girman hoton, a ɗauka daga ƙirji zuwa sama da ƙaramin kyalle, da a ce sai an ɗauki mutum har ƙafa yana jingine da yadi. Abin da ke can gefe, ƙofa ko sandar fitila, ba sai kyalle ya rufe shi ba, ana datse shi da hannu a manhaja muddin hannun mai magana bai kai wurin ba.

Sai maganar wuta. Lantarki a Nijeriya da Nijar yana juyawa sau 50 a daƙiƙa, fitilu masu arha kuma suna ƙiftawa sau 100 a daƙiƙa tare da shi. Wayoyi da yawa suna zuwa a saite kan hoto 30 a daƙiƙa, wanda ya dace da ƙasashe masu 60 irin Amurka. Sakamakon shi ne layuka masu duhu da ke gangarowa a kan kyalle, shamaki ya riƙa numfashi. A saita hoto 25 a daƙiƙa, buɗewar idon kyamara kuma 1/50 ko 1/100 na daƙiƙa. Na biyun ya fi, domin yana rage dishi-dishin hannu mai motsi. Manhajoji irin Open Camera da Blackmagic Camera suna ba da damar wannan saiti a wayoyin da suka yarda, tare da kulle haske da daidaiton fari don kada waya ta riƙa canza ra'ayi ana cikin ɗauka. Ƙaramin janareta kuwa ba ya tsayawa daram a kan 50, yana hawa yana sauka da nauyin da aka ɗora masa, don haka fitilar batir ko ta sola ta fi aminci. Wanda ba shi da fitila ko ɗaya, inuwar rumfa da hantsi ta ishe shi. Lokacin hunturu ma hazo yana tace rana ya ba da haske mai laushi, sai dai a ɗaure kyallen tamau saboda iska, a kuma kakkaɓe ƙura.

6.0 Tufafi da fata

Littattafan koyar da wannan sana'a suna wuce maganar tufafi da jimla ɗaya: kada a sa kore. A wurinmu jimlar ba ta isa ba. Tutar Nijeriya kore da fari ce, ta Nijar tana da kore, rigar 'yan ƙwallon Nijeriya kore ce, makarantu da ƙungiyoyi da yawa kore ne kayansu, ga atamfa da ba a rasa ganye a zanenta. Komawa shuɗi ma ba ta raba gardama, tunda mu ne masu baba da karofi, shuɗiyar shadda kuwa ta cika gari. Duk mai wannan aiki da gaske kyalle biyu yake bukata, kore da shuɗi, ya zaɓa bayan ya ga abin da baƙonsa ya sa. Ba daidai ba ne a ce wa dattijo ya je ya canza riga saboda yadin da ke bango.

Shadda mai sheƙi da farin yadi mai sitati madubi ne ga kyalle. A duba kafaɗar mai farar babbar riga a allon tacewa, a ƙara girman hoton: za a ga wani siririn kore ya bi ta kan kafaɗa ya gangara hannu, ya shiga cikin zaren aikin wuya. Manhaja tana da maganin wannan feshi, wato ta hana kore wuce matsakaicin ja da shuɗi a jikin mutum. Maganin yana da nasa ciwon. Launin ruwan ɗorawa ja ne da kore masu yawa da shuɗi kaɗan, in aka danne korensa sai ya koma ruwan goro. Mai gyale ruwan ɗorawa za ta ga kanta da wani gyalen da ba ta saya ba. Haka zaren zinariya a hula ko leshi yake dusashewa. Siririn mayafi kuwa shi ne babban gwaji, domin kore yana ratsa shi. Manhajar waya ko dai ta cinye shi ko ta bar shi kore, manyan manhajoji ne ke iya riƙe shi, su ma sai kyallen ya yi sumul.

Maganar fata ta fi damuna, domin nan ne ake yi wa mutane rashin adalci ba da niyya ba. Fata mai duhu tana mayar da haske kaɗan daga cikinta, don haka ƙyallin da ke samanta ya fi bayyana, ƙyallin nan kuwa launin abin da ke kewaye yake ɗauka. Feshin koren da zai ɓuya a farar fata, a tamu fili yake fitowa a kunci da goshi da gefen wuya. In aka danne shi da ƙarfi a manhaja, fuska ta koma ruwan toka, mutum ya fito kamar marar lafiya. Sai mai tacewa ya ƙara haske don ya gyara, a ƙarshe a sami fuskar da mai ita ba zai gane ba. Gyaran a ɗaki yake: a nisanta mutum da kyalle, a rage hasken kyallen, a rufe duk koren da ba ya cikin hoto har da na ƙasa, a sa wata ƙaramar fitila daga baya ta sama mai ɗan launin ruwan hoda don ta kashe koren a gefen kai da kafaɗa. Hasken fuska kuma ya kasance mai faɗi da laushi, a auna shi da fatar wanda ke tsaye, ba da farar rigarsa ba.

7.0 Manhajojin majigi

Malamai da yawa ta PowerPoint suke shigowa wannan fage, kuma nan ake fara ruɗewa. PowerPoint tana iya mayar da launi ɗaya na hoto ya zama wayam, tana kuma iya cire bangon hoto marar motsi, amma ba ta cire kore daga bidiyo. Launi ɗayan ma ɗaya take nufi, alhali kyallen gaske kore ɗari ne. Hanyoyi biyu ne suke aiki. Ta farko, a fitar da shafukan darasi a matsayin hotuna ko bidiyo, a kai su manhajar tacewa a shimfiɗa a ƙasa, a ɗora malami a sama. Ta biyu, a buɗe OBS Studio, a kamo tagar majigin a matsayin bango, a sa wa kyamara matatar cire launi, malami ya yi darasinsa kai tsaye yana ganin kansa a kan shafin. Ta biyun ta fi kama da aji, kuma ba ta barin aikin tacewa a baya, sai dai abin da ya lalace a ɗauka ya lalace ke nan.

Akwai tambayar da ke yawan zuwa: na cire koren, na ajiye, da na buɗe sai na ga baƙin bango, me ya faru? Fayil ɗin MP4 da aka saba ba ya ɗaukar alfa. Masu ɗauka su ne irin ProRes 4444, da WebM, da jerin hotunan PNG, kuma ba kowace manhajar majigi ke karanta su ba. Wannan ne ma dalilin da ya sa ake rarraba ƙananan bidiyon ado a intanet da koren bango, tsuntsu ko tuta ko kibiya, don kowa ya cire da kansa. A yi hattara da na wuta da hayaƙi: a kan baƙin bango suka fi kyau, a haɗa su ta hanyar tara haske, domin cire kore yana cinye laushinsu.

Tsarin shafi ma yana canzawa idan mutum zai tsaya a kansa. A bar masa kashi ɗaya cikin uku babu rubutu. In rubutun boko ne ya tsaya a dama, inda layuka ke ƙarewa. In ajami ne ko Larabci ya koma hagu, kada ya tare farkon layi. A lura da kyamarar gaba ta waya, wadda ke iya juya hoto kamar madubi, malami ya nuna dama hannunsa ya tafi hagu. Bangon da aka dasa kuma ya yarda da hasken da ke jikin mutum. In rana ta fito daga hagu a hoton baya, fuska kuma ta sha haske daga dama, ko yaro zai ji wani abu bai zauna ba. Wani amfani da nake fatan a ba shi muhimmanci shi ne dasa mai fassara da maganar hannu a gefen darasi saboda kurame. A nan saurin buɗewar ido wajibi ne, domin yatsun da suka narke cikin bango magana ce ta ɓace.

8.0 Cire bango ba tare da kyalle ba

Zoom da Google Meet da CapCut da TikTok duk suna cire bango yanzu ba tare da kyalle ba, ta hanyar ƙirƙirarriyar basira da aka horar ta gane siffar mutum. Don taron intanet da gajeren saƙo wannan ya wadatar. Amma siffa take hasashe, duk abin da ya fita daga siffar da ta saba yana cikin haɗari: hannun babbar riga in an ɗaga, jelar rawani, littafi ko allon da malami ya ɗago don ya nuna. Shi ya sa Zoom kanta ta bar wurin da mai koren kyalle zai shaida mata yana da shi. Manyan kamfanoni kuma sun kama wata hanya, ta katafaren bangon allo mai nuna wurin tun a lokacin ɗauka, kamar yadda aka yi a shirin The Mandalorian na 2019, amma kuɗinta ya fi ƙarfin waɗanda wannan takarda ke magana a kansu.

9.0 Amana da abin da ya rage a yi

Dasa mutum a inda bai je ba tsohon abu ne a ɗakunan hoto na Afirka ta Yamma. Philip Kwame Apagya na Gana ya yi suna da zanannun labule na falo da filin jirgi, kuma duk wanda ya ga hoton ya san ado ne. Bidiyo mai motsi ba haka yake ba, mutane suna ɗaukarsa shaida. Wanda ya tsaya a ɗakinsa ya dasa ambaliya ko taron jama'a a bayansa, yana magana kamar daga wurin yake, ya ci amanar mai kallo ko da labarin gaskiya ne. A waƙa da wasan kwaikwayo babu laifi. A labarai da neman taimako da tallan fili ko gida, ya kamata a rubuta a jikin bidiyon cewa bangon dasawa aka yi, kuma a koyar da wannan a aji ɗaya da sauran darasin.

Ga sassan koyar da aikin jarida da fim, shawarata ita ce a juya tsarin darasin. Ɗalibi ya fara da goge yadi, da auna nisa, da kallon shamakinsa fari da baƙi a allo, kafin a nuna masa maɓalli ko ɗaya. Sannan akwai aikin da babu mai yi mana. Bidiyoyin gwaji da ake koyo da su a intanet yawanci na mutanen wasu ƙasashe ne da tufafinsu. Muna bukatar namu: a ɗauki masu fata iri-iri, da yardarsu a rubuce, cikin farar shadda da shuɗiya, da rawani, da hijabi, da siririn mayafi, da leshi mai duwatsu, kowanne a gaban kore da shuɗi, a ƙarƙashin fitilar batir da ta janareta da inuwar rumfa. A rubuta nisan da saitin kyamara a jikin kowane fayil, a ajiye su ba tare da an matse ba, a buɗe wa kowace makaranta ta sauka. Sashe ɗaya mai kyamara ɗaya da kyalle biyu zai iya gama wannan a zango guda.